Amaryar Benci

Duk shekarun da na yi ina sayar da zoɓo da kunun aya a bakin filin motsa jiki na unguwarmu, can bayan Kubwa, ban ga abin da na tsana kamar bencin nan ba. Dogo ne, an lulluɓe shi da baƙar leda mai soso a ciki, ƙafarsa ɗaya gajera ce sai an tokare ta da dutse. Kowace Asabar da safe mai tausa zai ɗauko shi a bayan babur, ya kafa shi a gindin darbejiya, kusa da inda nake ajiye kulata ta ƙanƙara. Saboda haka duk abin da aka yi a kansa a idona aka yi shi, ba labari aka ba ni ba.

Masu filin a ranar Asabar wasu manyan ma'aikatan gwamnati ne da suka haɗa kulob na gudu. Gudu dai suke kiransa, amma rabinsu tafiya suke yi suna amsa waya. Daraktoci ne da mataimakansu da masu jiran a mayar da su daraktoci, kowa da tumbinsa a gaba da takalmi mai tsada a ƙafa. Shugabansu wani Oga ne daga wata ma'aikata, fari, mai fara'a, irin mutanen nan da suke fara dariya tun kafin su gama magana don sauran su san lokacin kamawa ya yi. Yana sayen zoɓona, yana kirana Hajiya mai zoɓo, ni kuwa ko Legas ban taɓa zuwa ba balle Makka.

Mai tausar mutumin Filato ne, tsohon ɗan tseren dogon zango da gwiwa ta kashe wa gudu. Babban yatsansa kamar kan muciya yake. Ya iya aikinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ga mutum ya hau bencin yana tafiya kamar mai ƙurji, ya sauko yana tsalle. Kuma duk wanda zai kwanta sai ya faɗa masa magana ɗaya, har na haddace ta.

"Ni ba na ganin cikin nama," in ji shi. "Bakinka ne idona. In ka ji zafin da ba na tsamin jiki ba, ka yi magana in tsaya."

To ga inda tsiyar take. Kulob ɗin yana da wata al'ada da Oga ya ƙirƙiro, wai don nishaɗi. Duk wanda ya fara yin ƙara a kan benci a ranar, shi ne amaryar mako. Akwai wani jan ɗankwali da ke zaune a motar Oga. Za a ɗaura wa mutum shi a ka, a yi masa guɗa, a ɗauke shi a waya a tura wa kowa, sannan ya kwashi takalman jama'a ya kai musu mota ɗaya bayan ɗaya. Har Asabar ta zagayo, ko a ofis aka haɗu da shi, Amarya ake kiransa. Na ga mai furfura, uban 'yan mata, yana yawo da ɗankwalin nan yana yaƙe, idonsa ya yi ja. Saboda haka mai tausa yana cewa a yi magana, su kuma kowa ya hau sai ya ɗinke bakinsa. Oga kam bai taɓa zama amarya ba. Shi ne ke fara hawa, kuma mai tausa ya san inda tuwonsa yake, shafa shi yake yi kamar ana shafa wa jariri mai.

Ƙanena shi ne autanmu, kuma Auta nake kiransa har yau da ya yi gemu. Ya gama difloma ya zo wurina Abuja, ya yi ta neman aiki har takalminsa ya cinye, daga baya ya koma lodin katako a kasuwar Dei-Dei. Abin da yake so a duniya guda ne, ya sa kaki. Ya nema ya rasa, ya sake nema ya rasa, kuma wannan shekarar ita ce ta ƙarshe da shekarunsa za su shiga. Ya riga ya rage abin da zai iya ragewa a takarda, fuskarsa ba za ta ɗauki wani ragi ba. Kafin a duba takardun mutum a wurin tantancewa sai ya yi gudu, waɗanda suka iso da wuri su ne ake ci gaba da su, sauran a buɗe musu ƙofa. Don haka kullum bayan asuba Auta yana kan hanyar Ushafa yana hawan tudu. Ya rame, ya yi tauri, ya daina shan ko lemon kwalba.

Shi yake kawo min kula filin ranar Asabar, in ya sauke sai ya bi bayan masu tumbi yana gudu. Ba da niyya ba ya riƙa wuce su kamar suna tsaye. Oga ya lura, ya kira shi ya tambaye shi, ya ji labarin kaki, sai ya ce ai yana da aboki a cikin masu tantancewar. Tun daga ranar ya raɗa masa Kurtu. Tun daga ranar kuma Auta ya koma riƙe wa Oga gorar ruwa, yana rage gudunsa don kar ya wuce shi. Abin yana ci min rai, in ga yaron da zai iya bin babur yana ɗan tsalle-tsalle a gefen mutumin da ke haki tun daga bakin mota. Amma na ce in dai zai kai shi inda yake so, ya riƙe gorar.

Saura 'yan makonni a yi tantancewar, Oga ya zo filin da abokin nasa. Wani ƙato ne mai kaurin wuya, bai ma sa kayan gudu ba, aka kawo masa kujerar roba ya zauna yana kaɗa mukulli. An yi ruwa kafin gari ya waye, ƙasa ta yi santsi. Na ji Oga yana ce wa Auta yau ya saki ƙafa, ya nuna wa baƙo abin da ya iya. Auta ya saki ƙafa kuwa. Ya hau tudun da ke ƙarshen filin, ya kusa kaiwa sama sai na ga ya ɗan yi tuntuɓe ya waiga baya, sannan ya ci gaba. Duk da haka shi ya fara isowa, da nisa ma. Ya gaida baƙo, ya zagayo ta bayan kulata ya tsuguna kamar mai ɗaure takalmi.

"Yaya, ba ni ƙanƙara a leda," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Kar kowa ya gani."

"Me ya same ka?"

"Kamar an jefe ni da dutse a sharaɓa. Na waiga, babu kowa."

Na leƙa bayan ƙafar. Ba ta kumbura ba tukuna, amma da na ɗora yatsa sai ya ja numfashi ta haƙora. Na ce ya tashi ya wuce gida yanzun nan, ya ɗaga ƙafar, ni zan san yadda zan yi da kula. Ina cikin ƙulla masa ƙanƙarar muka ji muryar Oga daga gindin darbejiya.

"Kurtu, benci."

Ni ba mai riƙe magana ba ce, duk unguwa an sani. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ya ji ciwo a ƙafa. A bar shi yau."

Oga ya fara dariyarsa. "Kurtu, ka ji yayarka ta ce a ba ka ɗankwali tun kafin ka hau."

Suka kwashe. Baƙon ma ya yi magana, karon farko da na ji muryarsa. Ya ce su a wurinsu, wanda yayarsa ke yi wa magana gida suke mayar da shi ya ƙarasa shan nono. Aka ƙara kwashewa, har da masu buga cinya. Auta ya kalle ni wani kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba, kamar ni ce na jefe shi da dutsen.

"Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe," ya ce da Oga. Sannan ya juyo. "Yaya, don Allah ki yi shiru."

Ya taka zuwa bencin ba tare da ya ɗingisa ba, Allah kaɗai ya san yadda ya yi. Ya kwanta rub da ciki. Mai tausa ya ji abin da na faɗa, don a kusa yake, sai ya sunkuya ya tambaye shi ko akwai ciwo. Auta ya ce tsami ne kawai. Mai tausa ya maimaita masa karatun nan nasa na bakinka ne idona, ya zuba mai a tafin hannu, ya fara daga ƙafar mai lafiya.

Da ya koma ɗaya ƙafar, yatsansa ya sauka a wurin, sai ya ce ga ƙulli nan. Haka yake kiran naman da ya cure saboda gajiya, kuma maganin ƙulli a wurinsa a murje shi har ya saki. Ya sa babban yatsa. Na ga yatsun ƙafar Auta sun lanƙwashe gaba ɗaya. Wayoyi suka tashi sama, domin duk sun ƙosa su ga Kurtu da ɗankwali.

"Danna masa," in ji Oga. "Kar ka ji tausayinsa, kaki zai sa."

Mai tausa ya bar yatsa ya koma gwiwar hannu. Ya ɗora nauyinsa, ya ja daga bayan gwiwa zuwa agara, ya komo. Yana yi yana tambaya, da zafi, in tsaya, Auta yana girgiza kai. Daga inda nake ina ganin gefen fuskarsa. Ya kafa haƙoransa a ledar bencin, jijiyar wuyansa ta fito, ruwan ido yana gangarowa ta kan hancinsa yana ɗiga ƙasa. Masu wayoyi suna ta bayansa ba sa gani, ko kuma sun gani abin ya ƙara musu daɗi. Wani ya fara tafi a hankali, sauran suka kama, kamar masu raka ɗan dambe.

Akwai lokacin da mai tausa ya ɗaga hannu ya tsaya. Ya kalli ƙafar, ya taɓa ta da bayan hannu, ya kalli Oga. Wallahi na ga ya gane akwai abin da ba daidai ba. Oga ya ce yaya dai, ko kai ne ka gaji. Sai mai tausa ya ɗauko kwalbar da yake murza nama da ita ya ci gaba. Wannan tsayawar ita ce ban yafe masa ba, don da bai tsaya ba sai in ce bai sani ba.

Da ya gama murza ya shafa man zafi, ya tsiyayo ruwan zafi daga filas a kan tawul ya gasa wurin. Ni kuwa ina tsaye da ledar ƙanƙara a hannu tana narkewa a kan ƙafata. Na sake yunƙurin magana, wani daga cikinsu ya ce Hajiya a kawo zoɓo mai sanyi, ki bar maza su yi harkarsu.

Auta ya sauko, ko uhm bai ce ba. Aka yi masa tafi. Baƙon ya tashi daga kujera ya dafa kafaɗarsa, ya ce wannan namiji ne, ya zo ya yi gudun kawai, sauran ya bar masa. A ranar wani akanta ne ya zama amarya, ya yi ƙara tun ana shafa masa mai. Muka kwashe kaya, Auta ya ɗauki kula a ka don a gani, ya taka har muka sha kwana inda filin ya ɓace. A nan ya sauke ta a hankali, ya durƙusa a bakin kwata ya yi amai.

Kashegari ƙafar ta zama kamar turmi. Zuwa jibi ta yi baƙi tun daga bayan gwiwa har dunduniya, fatar tana sheƙi, ko zane ba ya so ya taɓa ta. Na sa shi a keke napep muka tafi asibiti, aka yi hoto. Likita ya ce naman sharaɓa ne ya yage, jini ya taru a ciki ya daskare. Ya tambayi abin da ya faru, na ba shi labari tun daga tudu har tawul. Ya ce mai yiwuwa yagewar farko ƙarama ce, irin wadda hutu da ƙanƙara kan rufe, amma yanzu magana ce ta watanni. Auta ya tambaye shi batun gudu. Likita ya ce ya fara samun tafiya tukuna.

Mai tausa ya zo gidan da ayaba a leda. Na ɗauka gaisuwa ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ya kalli ƙafar, ya ce da Auta, "Na tambaye ka. Kowa ya ji na tambaye ka." Abin da ya kawo shi ke nan, a shaida masa. Auta ya ce haka ne, ya tambaye shi. Na ɗauki ayabar na bi shi da ita har waje na rataya masa a kan babur. Oga kuwa ko waya bai yi ba, sai saƙo da ya aiko ta bakin direbansa wai ina Kurtu, babu mai riƙe masa gora.

Ranar tantancewa Auta ya ce sai ya je. Na yi faɗa, na yi kuka, na rantse, ya ce Yaya in ban je ba me zan gaya wa kaina. Ya naɗe ƙafar da bandeji tamau, ya haɗiyi maganin kashe zafi, muka fita da sassafe. Ni a bayan shingen waya na tsaya tare da sauran masu rakiya. Samari cike da fili, kowa da gajeren wando, an rubuta musu lamba a ƙirji. Aka busa usur. Na ga Autana ya tashi tare da su, ya yi ɗan nisa kamar abin zai yiwu, har zuciyata ta fara yi min ƙarya. Kafin kwanar farko ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗi, na baya suka bi ta kansa. Wasu masu sanda suka zo suna kora waɗanda suka zube gefe ɗaya kamar awaki.

Na hango shi ya ja ƙafa zuwa wata rumfa inda manya ke zaune, ya durƙusa a gaban mai kaurin wuyan nan. Ba su daɗe ba. A mota ya gaya min yadda suka yi. Mutumin ya tambaye shi daga ina, Auta ya tuna masa da benci da Oga. Sai ya ce, "Au, kai ne. To ai gudu muka ce." Ya koma kan wayarsa.

Na koma filin Asabar, don ciki ba ya jira. Oga ya zo shan zoɓo, ya tambaye ni ya Kurtunmu, an dace kuwa. Na ajiye kofi na ce, "Ranka ya daɗe, kun nakasa min ƙane a kan bencin nan, kuna tafi." Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Bai yi fushi ba. Ya buɗe hannu yana murmushi.

"Haba Hajiya. Ai mu ba mu ji ya ce komai ba."

A ranar wani sabon shiga ya hau benci ya yi ƙara, aka ɗaura masa ɗankwali. Oga ya kamo hannunsa ya nuna masa gefen ledar, inda haƙoran Auta suka huda har soso ya leƙo. Ya ce ka ga nan, wani yaro ne ya yi, an murje shi da kwalba ko tari bai yi ba, irinsu muke nema. Mai tausa yana goge hannu da tawul, bai ɗago kai ba. Na rufe kulata da sauran zoɓo a ciki, na koma sayarwa a bakin tasha.

Ƙafar Auta ta warke irin warkewar da ta ga dama. Sharaɓar ta motse, akwai rami a tsakiyarta da yatsa zai shiga, in damina ta yi sanyi yana jan ta. Lodi ya fi ƙarfinsa, sai mai rumfar katakon ya tausaya masa ya bar shi a bakin rumfa yana kiran masu saye. Ba ya maganar kaki. In an nuno masu fareti a talabijin sai ya tashi ya fita shan iska.

Kwanakin baya na je Dei-Dei sayen kwano, na ce bari in kai masa abinci. Na tarar da shi zaune a kan tulin katako, 'yan lodi sun kewaye shi suna leƙen wayarsa. Ban san yana da bidiyon ranar benci ba, ashe wani da ya fara ɗauka tun da Oga ya kira shi ya tura masa tun a lokacin. Ina matsowa na ji muryata tana fitowa daga wayar, ina cewa ranka ya daɗe ya ji ciwo a ƙafa, sai dariyar masu tumbi ta biyo baya. 'Yan lodin ma suka yi dariya a daidai wurin. Auta ma ya yi.

"Ku bar wannan, yayata ce," in ji shi. "Ku kalli nan, inda ya sa kwalba. Ku saurara da kyau. Ko uhm ban ce ba."

Suka saurara, suna jinjina kai. Fuskarsa ta yi haske yadda ban ga ta yi ba tun ranar da ya faɗi. Ya mayar da bidiyon baya don wani da bai gani da kyau ba. Sai ya ɗago ya gan ni tsaye da kwanon abinci. Ya ce Yaya sannu da zuwa, ya dafa katako ya miƙe, ya taho karɓa yana jan ƙafar a cikin garin katako.